Kuɗin Wa Ne? Tarihin Rangwamen Haraji da Makarantun Yahudawa a Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne in bi diddigin wata dabara da ake amfani da ita a wasu jihohin Amurka wajen biya wa 'ya'yan Yahudawa kuɗin makaranta. Dabarar kuwa ita ce, kamfani ya ba da gudummawa ga wani asusun tallafin karatu, watau sukolashif, sa'an nan gwamnatin jiha ta yafe masa kusan dukkan abin da ya bayar daga cikin harajin da take bin sa. Na zaɓi in tsaya a kan jihar Fensilbaniya, domin kuwa a can ne aka yi mafi yawan kai-komon da ya haifi wannan tsari, tun daga tarzomar 1844 har zuwa dokar 2001.

Mai karatu zai iya tambaya, in dai gwamnati na son taimakon makarantun nan, me ya hana ta ɗauki kuɗi daga baitulmali ta miƙa musu kai tsaye? Me ya kawo wannan zagaye-zagaye? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake son in nuna shi ne, wannan doguwar hanya ta samo asali daga wata gardama ta fiye da shekara 150 a kan kuɗin jama'a da makarantun addini, kuma su kansu Yahudawan Amurka sun rabu biyu a cikinta, wasu na gina katanga, wasu na neman ƙofa.

Yadda tsarin yake

Kafin in shiga tarihi, ya kamata in bayyana yadda abin ke gudana. A Fensilbaniya ana taƙaita sunan shirin da EITC. Kamfani zai nemi izini daga ma'aikatar raya al'umma da tattalin arziki ta jihar. In an amince masa, sai ya ba da kuɗi ga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tallafin karatu da ma'aikatar ta yi wa rajista. In na shekara ɗaya ne, za a cire masa kashi 75 cikin ɗari na abin da ya bayar daga harajinsa. In kuwa ya yi alkawarin bayar da daidai wannan adadi shekara biyu a jere, sai a cire masa kashi 90.

Alal misali, a ce kamfani ya ba da dala 10,000 bisa alkawarin shekara biyu. Jiha za ta rage masa dala 9,000 daga harajin da zai biya ta a wannan shekara. Ke nan abin da ya fita daga aljihunsa a zahiri dala 1,000 ne, amma asusun ya karɓi 10,000 cif. A nan ne wannan rangwame ya bambanta da wanda aka saba yi wa masu kyauta. A tsohon tsari, ana cire kyautar ne daga ribar da za a yanka wa haraji, don haka sauƙin da ake samu kaɗan ne. A wannan kuwa, daga cikin harajin kansa ake cirewa.

Al'ummar Yahudawa ta Filadalfiya da ta Pittsburgh kowacce tana da irin wannan asusu da ke tara gudummawa yana rarraba wa ɗaliban makarantunta. Amma kada a ɗauka dokar tasu ce su kaɗai. Ba ta ambaci wani addini ba. Makarantun Katolika da na sauran Kiristoci, waɗanda suka fi na Yahudawa yawa nesa ba kusa ba, suna ci daga cikinta, haka ma na Musulmi da waɗanda ba na addini ba.

Asalin katangar

A farkon ƙarni na 19 makarantun gwamnati a Amurka suna hannun 'yan Furotestan, kuma kullum da safe akan karanta wa yara Baibul a fassarar da Furotestan ke amfani da ita. Da baƙi 'yan Katolika suka yi yawa, musamman daga Ailan, sai Bishop Francis Kenrick na Filadalfiya ya nemi a 1842 a bar 'ya'yansu su karanta tasu fassarar. Wannan buƙata, wadda mutum zai ga ba ta taka kara ta karya ba, ita ce aka zuzuta har ta zama cewa Katolika na son fitar da Baibul daga makarantu. A watan Mayu da Yuli na 1844 tarzoma ta ɓarke a birnin, aka ƙone coci biyu na Katolika, aka yi asarar rayuka.

Darasin da Katolika suka ɗauka shi ne su gina nasu makarantu, kuma suka fara neman a ba su rabonsu daga kuɗin ilimi. Masu adawa da su suka tashi haiƙan. A 1875 wani ɗan majalisa mai suna James Blaine ya kawo ƙudurin gyara tsarin mulkin ƙasa don a haramta ba makarantun ɗariƙun addini kuɗin jama'a. Ƙudurin ya wuce a Majalisar Wakilai a 1876, amma ya kasa samun kashi biyu cikin uku a Majalisar Dattawa. Duk da haka jihohi fiye da 30 sun sanya irin wannan sharaɗi a nasu tsarin mulki. Ita Fensilbaniya ma ta riga Blaine, domin tsarin mulkinta na 1874 ya hana a kashe kuɗin da aka tara don makarantun gwamnati a kan makarantar wata ɗariƙa. Wannan sharaɗi yana nan har yau.

Yahudawa da makarantar gwamnati

A duk wannan rikici Yahudawa 'yan kallo ne, don ba su da yawa a lokacin. Amma tun a sa'an nan hanyoyi biyu suka bayyana a gabansu, kuma duka biyun an gwada su a Filadalfiya. A 1838 wata baiwar Allah mai suna Rebecca Gratz ta buɗe makarantar Lahadi, inda yaran da ke zuwa makarantar gwamnati za su zo su koyi addininsu sau ɗaya a mako. Shi kuwa Isaac Leeser, jagoran ibada a majami'ar Mikveh Israel, yana ganin hakan bai wadatar ba. Ya tsaya aka kafa ƙungiyar ilimin Ibrananci a 1848, wadda ta buɗe makarantar yini a 1851, inda ake haɗa karatun addini da na zamani a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Hanyar Gratz ce ta yi rinjaye. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka yi ƙaura zuwa Amurka daga gabashin Turai, akasarinsu talakawa. Sun baro ƙasashen da gwamnati da coci ke tafiya tare, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu a ƙarƙashin wannan haɗin. A wurinsu makarantar gwamnati, wadda ba a biyan ko sisi, ita ce ƙofar zama cikakken ɗan ƙasa. Yaro ya je can da safe, da yamma ya je makarantar Ibrananci, kamar dai yadda yaranmu ke tasowa daga boko su wuce Islamiyya. Daga nan ne mafi yawan Yahudawan Amurka suka riƙe aƙidar cewa amincin 'yan tsiraru yana cikin raba gwamnati da addini gaba ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya lissafi. Kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi ya hallaka Yahudawa miliyan shida, ya kuma rusa manyan cibiyoyin karatun Attaura da Talmud na Folan da Lituwaniya. Malaman da suka tsira, tare da masu riƙon gargajiya da ke Amurka, waɗanda ake kira Otodoks, suka ga cewa in ba a dasa wannan karatu a sabuwar ƙasa ba zai ɓace. A 1944 Shraga Feivel Mendlowitz ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah da burin a sami makarantar yini a duk garin da ke da al'ummar Yahudawa. A Filadalfiya ma an buɗe makarantar sakandare ta Akiba a 1946, ko da yake ita ba ta Otodoks kaɗai ba ce. Doka ba ta hana su ba, domin tun 1925 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha ba ta da ikon tilasta wa iyaye kai 'ya'yansu makarantar gwamnati.

Sai dai makarantar yini tana da tsada. Manhaja biyu ake koyarwa, don haka malamai rukuni biyu ake biya, ga yini mai tsawo. Ga shi kuma iyalan Otodoks kan haifi 'ya'ya da yawa. Uban da ke da yara biyar ko shida yana biyan harajin da ake gudanar da makarantun gwamnati da shi, sa'an nan ya sake biyan kuɗin makarantar da 'ya'yansa ke zuwa. Wannan kuka shi ne dai wanda Katolika suka shekara ɗari suna yi.

Gida ya rabu biyu

A 1961 Rabbi Moshe Sherer na ƙungiyar Agudath Israel ya bayyana a gaban wani kwamiti na Majalisar Tarayya, ya nemi a sanya makarantun addini cikin tallafin ilimi, aƙalla don darussan zamani da suke koyarwa. Wannan ya girgiza manyan ƙungiyoyin Yahudawa, waɗanda suka saba magana da murya ɗaya a kan wannan batu. A 1965 wasu lauyoyi da masana 'yan Otodoks suka kafa ƙungiyar COLPA don kare wannan ra'ayi a kotuna.

A ɗaya ɓangaren akwai Leo Pfeffer, lauyan ƙungiyar American Jewish Congress. Abin lura a nan shi ne, shi ma ɗan malamin Otodoks ne, ba baƙon addini ba. Hujjarsa ita ce, duk ranar da gwamnati ta fara rabon kuɗi ga addinai, masu rinjaye ne za su kwashi kaso mafi tsoka, makarantar gwamnati da ta ɗaga 'ya'yan baƙi ta raunana, kuma addinin da ya karɓi kuɗin hukuma zai wayi gari yana karɓar umarninta. Mu ma muna da karin maganar da ta yi daidai da wannan tsoro: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

An gwada ƙarfi a Fensilbaniya. A 1968 jihar ta yi dokar da ta ba ta damar mayar wa makarantu masu zaman kansu abin da suka kashe kan albashin malamai da littattafai a darussa irin su lissafi da kimiyya da harsunan waje. Wani mutum mai suna Alton Lemon da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙarar shugaban ilimi na jihar, David Kurtzman, kuma cikin makarantun da aka haɗa a ƙarar har da Akiba. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke dokar. Ta ce kafin gwamnati ta tabbatar malami bai cusa addini cikin darasin da ta biya ba, sai ta sa ido a cikin aji kullum, wannan kuwa cuɗanya ce da ta wuce kima tsakaninta da addini. Jihar ta sake dabara, ta ce to iyaye za ta mayar wa wani abu daga kuɗin makaranta. A 1973 kotun ta soke wannan ma, tare da wata dokar jihar Niyok mai kama da ita wadda ta haɗa har da sauƙin haraji ga iyaye. Pfeffer ne ya tsaya wa masu ƙara a shari'ar Niyok. A wannan shekara kowa zai ce ƙofa ta rufe ruf.

Yadda aka sami wata ƙofa

Shekara goma bayan haka aka ga alamar sauyi. A 1983, a shari'ar Mueller da Allen, alƙalai biyar cikin tara suka amince da wata dokar jihar Minnesota da ta bar iyaye su cire kuɗin karatun 'ya'yansu daga abin da za a yanka wa haraji. Dalilinsu biyu ne: dokar ta shafi dukkan iyaye har da na makarantun gwamnati, kuma in kuɗi ya isa makarantar addini, zaɓin iyaye ne ya kai shi, ba umarnin hukuma ba. Wannan magana ta zaɓin iyaye ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Jihar Arizona ce ta fara gina sabon tsarin a 1997. Ta ce duk mai biyan haraji da ya ba ƙungiyar tallafin karatu har zuwa dala 500, za a cire masa duka daga harajinsa. Aka kai ƙara bisa sharaɗin nan irin na Blaine da ke tsarin mulkin jihar. A 1999 Kotun Ƙolin Arizona ta ce dokar ba ta saɓa ba, domin kuɗin da bai taɓa shiga baitulmali ba, ba za a kira shi kuɗin jama'a ba.

A Fensilbaniya kuwa, Gwamna Tom Ridge ya yi ta ƙoƙarin kawo tsarin bauca, watau takardar da gwamnati za ta ba iyaye su biya makarantar da suka ga dama, amma majalisa ta ƙi. A watan Mayu na 2001 aka daidaita a kan rangwamen haraji, sai dai a nan kamfanoni aka ba damar, ba ɗaiɗaikun mutane ba. An fara da dala miliyan 30 a shekara, 20 don sukolashif, 10 don ƙungiyoyin da ke inganta makarantun gwamnati. A 2012 aka ƙara wani shiri na biyu don yaran da ke zaune a yankunan makarantun da suka fi koma baya. A 2014 aka yi gyaran da ya ba mutane damar haɗuwa su kafa wani kamfani na musamman don su ma su shiga. Zuwa ƙarshen 2023 jimillar rangwamen da jihar ta ware wa shirye-shiryen biyu ta haura dala miliyan 500 a shekara.

A daidai wannan lokaci ra'ayin Yahudawa da yawa game da makarantar yini ya sauya. Wani bincike na 1990 ya ba da rahoton cewa kashi 52 cikin ɗari na Yahudawan da suka yi aure a shekarun da suka gabace shi sun auri waɗanda ba Yahudawa ba. An yi gardama daga baya kan wannan adadi, amma ya riga ya tayar da hankali, har ƙungiyoyin da a da ba su damu da makarantar yini ba suka fara kallonta a matsayin hanyar riƙe zuriya. Ƙidayar da gidauniyar Avi Chai ta yi a zangon karatu na 2018 zuwa 2019 ta sami ɗalibai kimanin 292,000 a makarantun yini fiye da 900 a faɗin ƙasar, mafi yawansu na Otodoks. Saboda haka da rangwamen ya zo, sai ya tarar da masu jiransa. Aka kafa asusu irin na Fensilbaniya a Arizona da Jojiya da wasu jihohi.

Tambayar da ta rage

A 2011 batun ya isa Kotun Ƙolin ƙasa a shari'ar Winn, wadda ta taso daga Arizona. Alƙalai biyar, ta bakin Mai Shari'a Anthony Kennedy, suka ce masu biyan haraji ba su ma da hurumin kai ƙara, domin mai ba da gudummawa kuɗinsa yake kashewa, ba na gwamnati ba. Mai Shari'a Elena Kagan, wadda ita kanta Bayahudiya ce, ta rubuta ra'ayin huɗun da suka saɓa. Ta ce ko gwamnati ta miƙa kuɗi da hannunta, ko ta yafe harajin da ya kamata ta karɓa, baitulmali dai ya ragu da adadi ɗaya. A 2020 kuma, a shari'ar Espinoza daga jihar Montana, kotun ta ce jiha ba dole ta taimaki makarantu masu zaman kansu ba, amma in ta yanke shawarar yin haka, ba ta da ikon ware na addini. Da wannan hukunci sharaɗin Blaine ya rasa mafi yawan ƙarfinsa. A ranar 4 ga Yuli, 2025, aka sa hannu a dokar tarayya da ta tanadi irin wannan rangwame har dala 1,700 ga ɗaiɗaikun mutane, daga 2027, a jihohin da suka zaɓi shiga. Agudath Israel da Orthodox Union suna cikin waɗanda suka yi fafutukar samun ta, yayin da shugabannin ɗariƙar Reform suka daɗe suna adawa da irin waɗannan tsare-tsare.

Ni a ganina, ta fuskar lissafi Kagan ce ke da gaskiya. In kamfani ya ba da goma aka mayar masa tara, to taran nan da asibiti ko hanya ko makarantar gwamnati za ta samu ne, kuma kiran wannan kyauta yana kama da yin alheri da kayan wani. Amma ta fuskar abin da Pfeffer ya fi tsoro, watau hukuma ta shiga aji tana zaɓen addinin da za ta fifita, tsarin ya kauce wa tarkon da dokar 1968 ta faɗa. Babu jami'in da ke zaɓen makaranta, babu sufeton da ke zama a darasin Attaura.

Sai dai wannan nisa da gwamnati ta yi yana da nasa farashi. Tun da an ce kuɗin ba nata ba ne, sai ya zama ba ta cika tambayar inda ya tafi ba. A 2019 Gwamna Tom Wolf ya ƙi sa hannu a ƙudurin ƙara dala miliyan 100 a shirin, yana kukan rashin bin diddigi. A 2022 ofishin nazarin kuɗi mai zaman kansa na jihar ya ce bayanan da doka ta yarda a tattara ba su isa a auna amfanin shirin ba. Har ila yau, iyakar kuɗin shigar iyalin da ya cancanci tallafi ta haura dala 100,000 a 'yan shekarun nan, kafin a ƙara wani kaso a kan kowane yaro. Masu suka na cewa wannan ba tallafin talaka ba ne. Masu goyon baya na amsawa da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, domin iyalin da ke biya wa yara shida, ko da albashinsu ya yi kauri, a matse suke. Daɗin daɗawa, tun da mai bayarwa ne ke zaɓen asusun da zai ba, al'ummar da ke da kamfanoni da tsari mai kyau za ta fi tara kuɗi, wadda ba ta da su kuwa ta tashi da kaɗan, ko da 'ya'yanta sun fi buƙata.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa rangwamen harajin da ke biya wa ɗalibin makarantar Yahudawa a Filadalfiya kuɗin karatu a yau, ɗa ne ga katangar da aka gina don tare Katolika a ƙarni na 19. Da aka toshe hanyar baitulmali a 1971 da 1973, sai aka tari kuɗin tun kafin ya isa baitulmalin. Jikokin Leeser da na Gratz kuwa har yanzu ba su daidaita ba, kuma kowane ɓangare tsoron ɓacewa ne ke tura shi: ɗaya na tsoron 'ya'yansa su narke cikin jama'a in babu makarantar addini, ɗayan na tsoron su rasa kariyar da raba addini da hukuma ya ba su. Kotu ta yanke cewa harajin da ba a karɓa ba na mai shi ne. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu nazarin shari'a da tattalin arziki, za su auna wannan hukunci da kansu, su faɗa mana ko sun gamsu. Allah ya sa mu dace.